Tsakanin Katsina Da Maraɗi: Tarihin Kilomita 80

Mai karatu, rasuwa ce ta jawo wannan ɗan rubutu. Cikin watan Satumba na 2023, ina hutu a gida Ɗandume, aka bugo wa mahaifina waya daga Maraɗi cewa Allah ya yi wa amininsa cikawa. Wannan bawan Allah falken hatsi ne. Tun kafin a haife ni yake zuwa kasuwarmu kowace kaka sayen masara, a zaurenmu yake sauka, mu kuwa yaran gida ba mu san shi da wani suna ba sai Baba na Maraɗi. Ban da zumunci akwai kuma amana a tsakani, domin kuwa ya bar wa mahaifina kuɗin masara buhu 40 da niyyar in kaka ta yi a auna masa, sai ga ajali ya riga kaka. Tilas ne a je ta'aziyya, tilas ne kuma a danƙa wa magada haƙƙinsu hannu da hannu, a gaban shaidu.

To, amma fa iyaka a rufe take. Ran 26 ga Yuli na wannan shekara sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Muhammadu Bazum a Yamai, kwana 4 bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe hanyar ƙasa da ta sama, har wutar lantarki Nijeriya ta yanke. Ni kuma da ƙuruciya ga waya a hannu, sai na ce wa mahaifina bari in duba ko ana samun jirgi daga Katsina, tunda ga filin jirgi a Katsina ga shi kuma a Maraɗi. Dattijon bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi. Abin da binciken nawa ya fito da shi abu biyu ne. Na farko, tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da filin jirgin Maraɗi, in aka ja layi miƙaƙƙe, kimanin kilomita 80 ne. Na biyu, babu jirgin haya da yake bin wannan layi, kuma ba takunkumin ne ya hana ba, ko da can ma babu.

Wannan adadi na 80 ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Dalili kuwa shi ne, daga Ɗandume zuwa birnin Katsina, hedkwatar jiharmu, inda ake kai takardunmu, in aka auna da irin wannan miƙaƙƙen layi, ya kusa kilomita 180. Watau Katsina ta fi kusa da Maraɗi ninki biyu da ɗoriya a kan yadda take kusa da mu. Duk wanda ya shimfiɗa taswira zai ga kuma wani abin mamaki: Maraɗi tana arewa sak da Ɗandume, kamar an ɗaura zare an saki. Ƙaramin jirgi mai farfela ba zai wuce minti 20 ba tsakanin filayen nan biyu, babban jirgi kuwa kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Ko agogo ba a gyarawa, lokaci ɗaya ƙasashen biyu suke bi.

Amma wanda ya nace sai ta sama zai je, to ga yadda lissafinsa zai kasance. Ya tashi daga Katsina ya yi kudu zuwa Abuja, kilomita wajen 450. Daga Abuja ya yi arewa maso yamma zuwa Yamai, wajen 750, in ma ya yi sa'ar samun jirgin da zai kai shi kai tsaye ba tare da an zaga da shi ta Lome ko Abijan ba. Daga Yamai ya jira ranar da jirgin cikin gida zai yi gabas, ya sake cin kilomita 500 da 'yan kai kafin ya sauka Maraɗi. Jimla ta haura 1,700, watau ya ninka ainihin nisan fiye da sau 20. Alhali kuwa daga wannan fili na Katsina ake kwasar alhazai a miƙe da su zuwa Jidda, tafiyar kilomita wajen 3,500, ba tare da an ya da zango ba. Jidda ta fi Maraɗi sauƙin zuwa ta sama. Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin tarihi, kuma ta girmi jirgin sama da shekara kusan 100.

Sanin kowa ne cewa kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, ƙasar Maraɗi wani yanki ce ta ƙasar Katsina, ba wani abu daban ba. Ko ruwa ya shaida haka: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga abin da yau ake kira Nijar, ya ratsa ta gefen Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Da jama'ar Shehu suka ci birnin Katsina wajen 1807, a ƙarƙashin Malam Umarun Dallaje da Malam Na Alhaji da Umarun Dumyawa, sai sarakunan Haɓe suka fita suka yi arewa. A Ɗankama aka sake fatattakarsu, inda labarin baka ya ce Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗankasawa, suka fake a ƙasar Damagaram na 'yan shekaru, kana suka dawo yamma suka kafa sabuwar fada a Maraɗi wajen 1819. Abin lura a nan shi ne ba su ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka kafa sabuwar ƙasa ba. A ganinsu su ne Katsina, birnin ne kawai ya kuɓuce musu na ɗan lokaci. Shi ya sa har yau mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma fadarsa tana riƙe da tsofaffin sarautu irin su Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kamar dai yadda suke a wannan ɓangare. Sarkin Katsina biyu, fili biyu na jirgi, kilomita 80.

Daga nan aka shiga yaƙin da ya ci kusan ƙarnin ɗungum. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gwabza da taron dangin Gobirawa da Maraɗawa da Buzaye a Gawakuke, ya ci su, aka kashe Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali. Ana tsammanin magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, Ɗanmari ya gaji Rauda, ya kuma sa hannu cikin boren da ya tashi a ƙasar Ruma, yamma da birnin Katsina. Sarkin Katsina Siddiƙu ɗan Umarun Dallaje ya murƙushe boren da ƙarfin da ya wuce kima, garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. Shi kansa Siddiƙun da aka tuɓe shi a 1844, ina ya nufa? Wajen abokan gaban jiya ya tafi, ya haɗa kai da su a kan birnin da ya mulka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa rigimar ta 'yan gida ɗaya ce a kan gadon sarauta da hanyoyin ciniki, ba wai ƙabila biyu ba ce da ba su ga maciji. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi dogon bayani a kan haka cikin littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, kuma ina ganin duk ɗalibin da zai yi magana a kan wannan zamani ya kamata ya fara daga can.

Wanda ya fi ba mu hoton wannan hanya a wancan lokaci shi ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. A farkon 1851 ya taso daga Tasawa ya bi ta Gazawa zai shiga Katsina. Tsakanin Gazawa da Katsina ya tarar da daji ne wanda ba kowa a ciki, ayari ba ya shigarsa sai an taru da yawa, ana tafe ana waiwaye, ya kuma wuce ta kufan Ɗankama. Da ya iso Katsina ya ga ganuwa mai faɗin gaske amma galibin cikinta fili ne da gonaki, fatake sun kwashe sun koma Kano saboda rashin kwanciyar hankali. Abokin tafiyarsa Overweg shi ne ya yi yamma ya ziyarci Maraɗi da Gobir. Ashe ke nan tun a lokacin, baƙo biyu da suka taso tare sai da suka raba hanya kafin su ga Katsina biyu.

Mu mutanen kudancin Katsina ba mu tsira daga wannan ba. A zamanin Ɗanbaskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi daga shekarun 1850 zuwa na 1870, mahaya sukan ratso ta dajin yamma su kai hari har ƙasar Maska da arewacin Zazzau, su kama mutane su kora dabbobi. Kakata ta wajen uwa takan ba mu labarin da ta ji daga tata kakar, cewa in an ji kuwwa da rana tsaka mata sukan bar tukunya a kan murhu su ruga cikin ganuwa, kuma kalmar "Maraɗawa" da ita ake tsorata yaro mai ƙiriniya. Nakan yi dariya in na tuna cewa jikar wannan tsohuwa ita ce take dama wa Baba na Maraɗi fura a gidanmu. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, wa mahayin Ɗanbaskore nisan Maraɗi da Maska ba komai ba ne, 'yan kwanaki ne a kan doki. Wa falke mai jaki kuwa, kilomita 80 na tsakanin Maraɗi da Katsina sun fi tafiyar Gwanja hatsari. Hanya ɗaya, nisa biyu.

Na daɗe a kan wannan ne da gangan, domin mun saba a taron ƙungiyarmu da kuma cikin waƙoƙinmu mu ɗora wa Turawa laifin raba Hausawa baki ɗaya, kamar dai sun tarar da mu muna cin tuwo a akushi ɗaya suka fasa. Gaskiya ita ce sun tarar da tsaga, su kuma suka sa gatari a cikinta. Amma yadda suka sa gatarin abin a tsaya a duba ne.

A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, alhali a lokacin babu ko ɗayansu da yake mulkin taƙi ɗaya na ƙasar Hausa. A watan Yuni na 1898 suka sake zama a Faris suka gyara. Suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, daga nan layin ya bi ma'aunin taswira ya yi gabas. A bisa wannan yarjejeniya Maraɗi da Tsibiri a ɓangaren Ingila suka faɗa, tare da Katsina. Ashe a kan takarda an taɓa mayar da Katsina biyu ƙasa ɗaya, ba tare da ko ɗayansu ta sani ba.

Abin da ya rushe wannan shiri ƙishirwa ce. Faransawa sun ga cewa abin da aka bar musu tsakanin Kwara da Damagaram hamada ce wadda ba rijiyoyi, ba yadda za a yi ayarin soja ya ratsa ta. Rundunar Voulet da Chanoine ta 1899, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta yi ta'asar da har yau ba a manta ba, sai da ta tsallaka cikin rabon Ingila neman ruwa da abinci kafin ta ƙare da kashe shugabanninta kusa da wani ƙauye mai suna Maijirgi a ƙasar Tasawa. (Sunan ƙauyen ya girmi jirgin sama, kada wani ya ce na ƙaga.) Saboda haka Faransa ta yi ta matsa wa Ingila lamba a ba ta hanya mai ruwa. A watan Afrilu na 1904, shekara guda bayan Turawan Ingila sun shiga Kano da Sakkwato da Katsina, ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya baki ɗaya. Cikin abin da Faransa ta saki akwai wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gabashin Kanada. Cikin abin da aka biya ta da shi kuwa akwai tura iyakar arewacin Nijeriya kudu. Haka Maraɗi ta koma hannun Faransa. In an ce an yi musayar Maraɗi da kifin wani teku da Bamaraɗe bai taɓa jin sunansa ba, ba a yi ƙarya ba, ko da yake ba ita kaɗai ce a cikin cinikin ba.

An ƙara daidaita layin a 1906, inda aka yi la'akari da iyakar da yaƙi ya riga ya shata tsakanin masu bin Sakkwato da masu gaba da ita. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa da ƙafa daga Kwara har Cadi tana kafa alamu, guda 148. Dajin da Barth ya ratsa da tsoro shi ne ya zama iyakar ƙasa da ƙasa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Zuwan Turawa ya kashe yaƙin, mutane suka koma cikin dajin suka sare shi suka yi gonaki da ƙauyuka, aure da ciniki suka dawo, jaki yana tashi Katsina da asuba ya kwana hanya ya wayi gari Maraɗi ba mai tare shi sai mai karɓar kuɗin fito. Ta ƙasa nisan ya ragu ƙwarai. Amma a daidai wannan lokaci ne aka fara gina wani sabon nisa wanda takobi bai taɓa iya ginawa ba. Yaron Katsina ya shiga makarantar boko ya koyi Ingilishi, na Maraɗi ya shiga lakwal wajen mushe ya koyi Faransanci. Nan ana ce kwastan, can ana ce duwan. Nan Razdan da Di'o, can Kwamanda. Nan fam da sule, daga baya naira a 1973, can tamma da dala da jaka ta sefa. Ƙarar Bakatsine tana tafiya Kaduna ta wuce Ikko ta ƙare a Landan, ta Bamaraɗe tana tafiya Damagaram, bayan 1926 kuma Yamai, ta wuce Dakar ta ƙare a Faris. Kowa aka juya masa ƙeya ga ɗan'uwansa, aka fuskantar da shi teku.

A cikin wannan hali jirgin sama ya iso, ya kuwa bi sawun da ya tarar. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin wani hafsa mai suna Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare ya miƙa har Ikko, don a haɗa Nijeriya da babbar hanyar da ta tashi daga Landan ta bi ta Alƙahira. Su kuma Faransawa cikin shekarun 1930 ɗin suka shimfiɗa tasu daga Aljeriya ta Gawo da Yamai da Damagaram zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, har Kwango. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Masar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da aka shata don Bahaushe ya ziyarci Bahaushe. An yi su ne don wasiƙar gwamna da hafsan soja su isa gida da wuri. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka canza fenti ba a canza taswira ba: Nijar ta shiga kamfanin Air Afrique na ƙasashe rainon Faransa a 1961, Nijeriya ta riƙe Nigeria Airways, na farko ya durƙushe a 2002, na biyu a 2003. Filin Katsina, wanda ya samu bayan ƙirƙiro jihar a 1987, fuskarsa Abuja da Ikko da Jidda take kallo. Na Maraɗi Yamai yake kallo.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina kira ba ne a sa jirgi tsakanin Katsina da Maraɗi. Tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba a kan kwalta, ta Jibiya da Magama da Ɗan Isa, ba ta bukatar jirgi, kuma duk kamfanin da ya gwada zai karye kafin shekara. Wani abokina ɗan sashen nazarin ƙasa ya ce mini ai ko Kano da Zariya ba jirgin haya a tsakaninsu, me ya sa nake ta da jijiyar wuya? Yana da gaskiya, sai dai ba wanda ya taɓa wayar gari ya ji an rufe hanyar Kano zuwa Zariya da umurnin gwamnati har shekara biyu. Ita kuwa wannan an rufe ta a Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, abin ya kuma haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Wata 15 kacal a tsakani aka sake rufewa a 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk wannan kuwa bayan an kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, bayan kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ce ɗan yankin yana da izinin shiga ko'ina ba biza. Ƙungiyar ma suna biyu gare ta, mu ECOWAS, su CEDEAO, kuma Nijar ta fice daga cikinta a Janairun 2025. Muddin ƙofa ɗaya ce ta ƙasa, kuma mabuɗinta yana Abuja da Yamai, to ranar da aka kulle ta nisan da ya rage wa mai bin doka shi ne wancan na 1,700, in shi ma ba a kulle sama ba.

Mu a Ɗandume a buhu muke jin wannan. Arzikin Maraɗi da ciniki da kudu ya ginu. Gyaɗarta ta daɗe tana bi ta jirgin ƙasan Kano kafin Faransawa su karkatar da ita ta Kwatano cikin shekarun 1950, kuma alhazan Maraɗi da ake ji da su sun yi kuɗi ne da safarar kaya zuwa Nijeriya, musamman tun lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga wajenmu masara da dawa suke hawa, daga wajensu wake da dabbobi da dabino suke gangarowa, da kuma 'yan ci-rani da suke taya mu aikin gona da girbi. In aka rufe iyaka, manomin Ɗandume ya rasa mai sayen da ya fi biya, mai gidan Maraɗi ya ga mudu ya tashi, wanda ya ci riba shi ne mai babur da ya san ɓarauniyar hanya da wanda yake tsaye a kanta yana miƙa hannu. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wasu jaridu suka yi ta surutu wai an ɗauki kuɗin Nijeriya za a yi wa baƙi aiki. Na karanta na ce lalle alamun Tilho da O'Shee sun yi saiwa a cikin kawuna. Ni dai ban ga baƙo a Maraɗi ba. Amma tilas in faɗa cewa dogo ma ta ƙofar Jibiya zai bi, kuma wanda ya kulle wa mota zai iya kulle wa jirgin ƙasa.

Akwai kuma tsohon nisa da ya dawo, wanda ba na son ambatonsa amma ba yadda zan yi. Dajin yamma da yaƙin Siddiƙu da Ɗanmari ya haifar, wanda yau muke kira Rugu, ya sake zama abin tsoro. Daga Jibiya da Batsari har Faskari da Sabuwa da mu kanmu, mutane sun koma yin tafiya a ayari suna waiwaye kamar zamanin Barth. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Dubban mutanenmu na bakin iyaka kuwa, tun daga 2019, jihar Maraɗi suka gudu neman mafaka, ta hanyar da Ɗankasawa ya bi.

Mahaifina ya tashi ran Talata da asuba. Bai bi ta Ƙanƙara da Dutsin-ma ba ko da yake ta fi kusa, ya zaga ta Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Kankiya, ya kwana Katsina wajen wani ɗan'uwa. Kuɗin ya ɗinke su cikin wata tsohuwar taguwa da ya sa a ƙarƙashin riga. Washegari ya shiga motar Jibiya, ya wuce dogon layin manyan motoci da suka yi makonni a tsaye, albasa tana ruɓewa a wasunsu. Daga nan babur ya hau, aka bi da shi ta cikin gonakin gero da ba a gama girbewa ba, aka tsaya sau 5 ana ba da na goro, ya ce har ya sauka bai ga inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara ba. Ya isa Maraɗi bayan la'asar, ranar addu'ar bakwai ta wuce da kwana ɗaya. Da aka canza nairar zuwa sefa a gaban liman da babban ɗan mamacin, sai aka ga ta zube ƙwarai daga yadda take ranar da aka ba shi ajiya, domin darajar naira ta faɗi a tsakani. Ya ce zai cika daga aljihunsa, ɗan ya rantse ba zai karɓa ba, aka yi ta ja har liman ya raba gardama aka yi rabi da rabi.

Ya dawo ran Asabar da dare da ƙullin cuku da dabino da matar marigayin ta ba shi ya kawo wa mahaifiyata. Yana cire takalmi a zaure ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, nawa ka ce nisan yake?" Na ce, "Kilomita 80, Baba." Ya ce in kawo masa ruwan zafi ya gasa ƙafa.